Tauraruwa mai wutsiya ta Halley: yaushe za ta dawo?

Ɗalibi, Kawo: Malamai, wai tauraruwar da Sinawa suka rubuta ganinta a shekarar 240 kafin haihuwar Annabi Isa ita ce wadda aka gani a 1986?

Malami, Tudun Wada: Ita ce, ɗana. Zagayenta kusan shekara 76 ne, yakan ɗan sauya saboda duniyar Jupita na janyo ta. Takan matso Rana har tazarar kilomita miliyan 88, ƙanƙararta ta zama tururi, wutsiya ta fito tana fuskantar nesa da Rana. Sannan ta yi nisa har ta wuce duniyar Neptun. Sai 2061 za ta dawo.

Malama, Barnawa: Ɓurɓushinta kan faɗo wajen 21 ga Oktoba kowace shekara, a gan su suna gilmawa da haske a sama. Ka fita bayan gari bayan tsakar dare, domin hasken lantarki na hana ganinsu, ka dubi gabas.