Call of Duty: Mobile zai ci gaba kuwa, ko kuɗina zan zuba a rijiya?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan. Ina son in fara sayen CP, wato kuɗin cikin wasa, a Call of Duty: Mobile, in riƙa yankar Battle Pass, tikitin kyaututtukan kowane sizin (zangon wasa), in hali ya yi kuma in gwada cacar bindiga ko sau ɗaya ne. To sai ga shi ana ta yawo da magana a zauren 'yan wasanmu na nan Katsina cewa an riga an binne Warzone Mobile, ɗaya wasan Call of Duty na waya, wai saura wannan. Wasu ma sun ce Microsoft da bakinta ta faɗa cewa za a janye shi. Shin gaskiya ne? Kuma ta yaya mutum zai gane wasan da za a ci gaba da yi wa hidima ana ƙaro sababbin filaye, da wanda ya kama hanyar mutuwa? Wayata mai ram giga 4 ce.

Malam Na-Daura:

Wa alaikumus salam ƙanena. Maganar Microsoft tana da tushe, amma tsohon zance ne, kuma abin da ya biyo baya ya juya ta. A watan Maris na 2023, lokacin da Microsoft ke neman hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta amince mata ta sayi Activision Blizzard, kamfanin da ke da Call of Duty, ta rubuta a takardunta cewa ana sa ran janye Call of Duty: Mobile sannu a hankali a ko'ina ban da Chana idan Warzone Mobile ya fito. Activision ta fito ta ce tana nan tare da wasan kuma za ta ci gaba da shi. An kammala cinikin a Oktoba 2023. Warzone Mobile ya fito ranar 21 ga Maris 2024, sai ga shi ranar 18 ga Mayu 2025 an cire shi daga Play Store da App Store, an tsayar da sababbin sizin, an rufe saye da kuɗi. Wato wanda aka shirya ya ci gado shi ya riga tafiya.

Dalilin faɗuwarsa shi ne abin da ya kamata ka riƙe. An gina Warzone Mobile da irin injin da ake yin na kwamfuta da PlayStation, don ci gabanka ya riƙa bin ka daga waya zuwa babban wasa. Ya yi wa wayoyi nauyi: zafi, shan batir, da sarƙewa a tsakiyar faɗa. Shi kuwa Call of Duty: Mobile, TiMi ne na kamfanin Tencent suka gina shi tun farko don waya, ya fito ranar 1 ga Oktoba 2019 yana karɓar waya mai ram giga 2, kuma a makon farko aka sauke shi sau miliyan 100. A 2024 Activision ta sanar ya haura saukewa biliyan 1. Wasan kyauta da jama'a yake rayuwa, jama'ar kuma suna kan ƙananan wayoyi, a Indiya da Burazil da Najeriya. Duk wasan da ya kori masu ƙaramar waya ya kori kasuwarsa.

Har ma da aka rufe Warzone Mobile, Activision ta ce wa masu ragowar CP su shiga Call of Duty: Mobile da akawun ɗinsu na Activision, za a ba su ninkin abin da ya rage musu. Kamfani ba ya kora jama'arsa zuwa gidan da yake shirin rushewa.

To amma kada ka ɗauki wannan a matsayin lamuni. Ga yadda mutuwar irin waɗannan wasanni ke zuwa, kusan kullum a jere take. Da farko sizin yana tsawo: wanda aka saba canjawa kusan duk wata sai ya koma wata biyu ko uku, kuma abin da ke ciki tsohon kaya ne aka sake wa fenti. Daga nan sai ka ga kuskuren da kowa ke kuka da shi ya shekara ba a gyara ba, alamar an kwashe ma'aikata zuwa wani aikin. Sai jiran abokan wasa ya ƙaru, a cike gurbin da bot, waɗancan da ke tafiya a miƙe suna harbin bango. Sai a haɗe sabobi, wato manyan kwamfutocin da wasan ke gudana a kansu, a rufe na yankunan da ba su kawo kuɗi. Sai a daina gasar shekara. Na ƙarshe, wanda ba ya da magani, shi ne ranar da aka rufe saye da kuɗin gaske. Idan kamfani ya daina karɓar kuɗinka, ya gama shawara.

A auna Call of Duty: Mobile da wannan ma'auni: sizin na zuwa a kai a kai tun 2019, ana gasar duniya, kuma Activision ta haɗa kai da kamfanin wasanni na Carry1st a Afirka, inda ake sayen CP da naira, aka kuma kawo saba cikin nahiyar. Kafa saba kuɗi ne ake kashewa duk wata. Ni a ganina wannan ya fi duk wata sanarwa nauyi.

Injiniya Sabon Layi:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma akwai inda ba mu haɗu ba. Alamomin nan suna aiki ga wasan da ke mutuwa a hankali. Akwai wanda ake yankawa yana da ƙoshin lafiya, babu ko alama ɗaya.

Apex Legends Mobile ya fito a Mayu 2022. A ƙarshen shekarar Google Play ta ba shi kyautar gwarzon wasa, Apple ma ta ba shi ta wasan iPhone na shekara. Ranar 31 ga Janairu 2023 EA, kamfanin da ke fitar da shi, ta sanar za a rufe, aka ba mutane kwana 90, aka kashe saba ranar 1 ga Mayu 2023, kuma aka ce babu mayar da kuɗin da aka kashe a ciki. Shi ma haɗin gwiwa ne: Respawn, reshen EA, ke da wasan, wani reshen Tencent ke gina na waya.

Nan ne haɗarin yake. Call of Duty: Mobile hannu biyu ne ke riƙe da shi: sunan da bindigogin da filaye irin su Nuketown da Crash na Activision ne, wato na Microsoft yanzu, ginin kuma na TiMi ne. Akwai yarjejeniya tsakaninsu, kuma ba a buga wa 'yan wasa sharuɗɗanta. A duba abin da ya faru da Blizzard, mai wasan World of Warcraft, da NetEase, mai gudanar mata da shi a Chana: yarjejeniyarsu ta ƙare ba a sabunta ba, a Janairu 2023 aka kashe World of Warcraft a Chana gaba ɗaya, wasan da mutane suka shekara fiye da goma suna ginawa. Sai a 2024 aka sasanta. Ba rashin 'yan wasa ne ya jawo ba, manya ne suka kasa daidaitawa. Gwamnati ma tana iya yi: Indiya ta haramta PUBG Mobile a Satumba 2020, ta haramta Free Fire a Fabrairu 2022.

Kuma ko wasa na raye, ɓangaren da kake so yana iya tafiya. An cire ɓangaren Zombies daga Call of Duty: Mobile a Maris 2020, sai daga baya ya dawo da wata siffa. Saboda haka amsar da zan ba ka ita ce: babu alamar rufewa, amma abin da ka saya ba naka ba ne. A sharuɗɗan da kowa ke danna amincewa ba tare da karantawa ba, izinin amfani aka ba ka, ba mallaka ba. Bindigar tana kan sabarsu, ba a cikin wayarka ba. Ranar da suka kashe, ko filin horo ba zai buɗe ba. Haka aka yi wa The Crew na Ubisoft a ƙarshen Maris 2024, wanda mutane suka saya da kuɗi sukutum, shi ne ma ya haifar da fafutukar Stop Killing Games a Turai.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To Injiniya, ke nan kada in sa ko sisi? Kuma da wayar tawa zan iya ci gaba, ko sai na canja?

Injiniya Sabon Layi:

A'a, ba haka nake nufi ba. Ka sa kuɗi kamar yadda kake biyan kuɗin kallon ƙwallo a gidan kallo: ka biya na yau, ka more na yau.

Battle Pass ya fi komai ma'ana. Idan ka kammala matakansa 50 kafin sizin ya ƙare, CP ɗin da za a mayar maka ya isa ka yanki na gaba. Wato saye ɗaya zai iya ɗaukar ka watanni, da sharaɗi biyu: ka gama matakan, kuma kada ka taɓa CP ɗin da ya dawo. Inda mutane ke faɗuwa shi ne su yanka saura kwana biyar sizin ya ƙare, ko su ɓatar da abin da ya dawo a akwatunan sa'a. Ka yanka a makon farko.

Cacar bindiga kuwa, ja goma ne, kowane ja ya fi na baya tsada, kuma babbar bindigar damar fitarta a farko ƙanƙanuwa ce ƙwarai, galibi sai a ja na ƙarshe. Kafin ka taɓa ja na farko mai arha, ka lissafa jimillar goman. In ba ka da ita duka, kada ka fara, don za ka tsaya a na shida ko bakwai da tarkacen da ba ka so. Sunan da ka kira ta da shi ma, caca, ya isa mutum ya tsaya ya yi tunani, ya kuma tambayi malamai. Bindigar kwalliya ce, ba ta ƙara ƙarfin harsashi.

Hajiya Sniper:

Ni abin da zan ƙara, 'yan'uwa, shi ne yawancin masu rasa kayansu a nan ba rufe wasa ne ke cinye su ba. Akawun ne ke salwanta alhali wasan na nan daram.

Na farko, akawun ɗin baƙo. Idan a matsayin baƙo ka shiga, ci gabanka a maƙale yake da wannan wayar. Aka sace ta, ko mai gyara ya yi mata filashin, shi ke nan. Ka shiga saitin wasan, wajen haɗa akawun, ka ɗaura shi da akawun ɗin Activision. Ka yi amfani da imel ɗin da kai kaɗai ke da makullinsa, ba wanda yaron shagon waya ya buɗe maka ba, sannan ka kunna tantancewa mai mataki biyu. Wanda ya ɗaura da Facebook kaɗai, ranar da aka ƙwace Facebook ɗin an haɗa da wasan. Ka rubuta lambar UID ɗinka, wato lambar shaidar akawun ɗinka a wasan, a takarda, kuma ka adana rasit ɗin da Google Play ke turowa ta imel, mai lambar da ta fara da GPA. Da su ake kafa hujja in an zo ƙwato akawun.

Na biyu, masu sayar da CP a rabin farashi, waɗanda ke cewa ka ba su imel da kalmar sirri su loda maka. Sau da yawa da katin banki na sata ake saye, ko a saya a nemi a mayar da kuɗin bayan ka biya su. Idan mai katin ya kai ƙara banki ya janye kuɗin, akawun ɗinka ne ke shan hukunci, har dakatarwar shekara 10 ana yi. Wajen saye na halal UID kawai yake nema, ba ya tambayar kalmar sirri. Sayen tsohon akawun a hannun wani ma ya saɓa wa sharuɗɗa, kuma mai shi na farko yana iya ƙwace abinsa da imel na asali.

Na uku, wasan kala-kala ne: akwai na duniya da Activision ke fitarwa, akwai na Garena na kudu maso gabashin Asiya, akwai na Chana. Akawun ba ya ƙetarawa daga wannan zuwa wancan. Kada a tura maka fayil ta Xender ka girka ba ka san wanne ba ne. Ka sauke daga Play Store.

Malam Na-Daura:

Saura batun wayarka. Ram giga 4 tana yi, matsalar wurin ajiya ce. Duk sizin da aka ƙara fili ko bindigogi wasan na ƙara nauyi, to ci gaban da kake roƙo shi ne kuma zai iya matse ƙaramar waya. Cikin wasan akwai wajen sauke kayayyaki daban-daban. Kada ka danna sauke duka. Ka ɗauki filayen da kake bugawa kawai, ka bar hotuna masu ƙarin kyau da kwalliyar bindigogin wasu, ka goge abin da ba ka shiga. Ka bar aƙalla giga 5 zuwa 6 babu komai kafin ranar sabuntawa, domin fayil ɗin yana buƙatar wurin da zai warware kansa. In babu, saukewar ta tsaya a tsakiya ka sake daga farko, data ta tafi a banza. Babbar sabuntawa ka yi ta da datar dare ko a waifai.

A saiti ka sa ingancin hoto a ƙasa, saurin motsin hoto a sama. A zafin Afrilu da Mayu na Katsina, lokacin da ake haura digiri 40, waya da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ne sarƙewar da ake ɗora wa netwok. Ka cire mata riga, kada ka buga tana caji.

Sannan ka riƙa kallon lambar ping da ke saman allo, mai nuna jinkirin saƙo tsakanin wayarka da saba, don ita ce ma'aunin da ke hannunka. Saƙo a cikin wayar faiba yana cin kimanin kilomita 200 a milisakan ɗaya, to saba mai nisan kilomita 5,000 zuwa da dawowa milisakan 50 ne tun kafin a lissafa jinkirin layinka. Ka lura da lambar da ka saba gani da layi ɗaya, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. In ta ɗaga kwana ɗaya, netwok ne. In ta ninka ta zauna makonni, kuma abokanka masu wasu layukan a Daura da Funtuwa suna ganin haka, to an mayar da mu saba mai nisa. Daga ranar sai ka dakatar da sayen CP har sai an ga sizin biyu na gaba sun zo a kan lokaci.