Zan gana da wani babban ma'aikacin banki ranar Asabar, wane shiri ya kamata in yi?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Na karanta ilimin tattalin arziki, na gama hidimar ƙasa wata huɗu da suka wuce, kuma burina shi ne in shiga aikin bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa. Kawuna ya haɗa ni da wani abokin karatunsa da ya daɗe a sashen ba da jari na wani banki a Abuja, shi kuma ya ce in same shi ranar Asabar bayan La'asar mu sha shayi. Bai ce in zo da takardu ba, bai kuma ambaci maganar aiki ba, abin da ya ce kawai shi ne in zo mu yi hira. Wannan ne ya ɗaure mini kai, domin da jarrabawar ɗaukar aiki ce da na san abin da zan karanta. Ina roƙon waɗanda suka riga mu shiga harkar su ba ni shawara.

Hajiya Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Mutumin da ya ce ka zo ku yi hira ya riga ya san aiki kake nema, saboda haka ba sai ka faɗa masa ba. Abin da yake son gani shi ne ko kai mutum ne da zai iya ambatar sunansa a gaban abokan aikinsa ba tare da ya ji kunya ba. Wannan kuwa daga tambayoyinka zai gane shi.

Ka fara da sanin tarihin fannin, ba shi da tsawo. Cikin bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa a Najeriya, Jaiz ne ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo baya a 2019, sannan Lotus a 2021. Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk (takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa) na farko a 2017, na naira biliyan 100, aka zuba kuɗin a aikin hanyoyi. A watan Maris na 2024 kuma Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su ƙara jarinsu, inda ya yanke wa bankin da ba ya karɓar ruwa naira biliyan 20 idan lasisinsa na ƙasa baki ɗaya ne, biliyan 10 idan na yanki ne. Ba don ka zayyana masa waɗannan kamar mai biya hadda na kawo su ba, ya fi ka saninsu. Amfaninsu shi ne su haifar maka da tambaya mai ma'ana.

Ga misali. Bankin da ke cin ruwa yakan ajiye rarar kuɗinsa a takardun bashin gwamnati masu ba da ruwa, to shi wanda aka haramta wa wannan, ina yake kai nasa idan sukuk bai wadata ba? Ga wata kuma: a cinikin murabaha banki ne ke sayen kaya ya sayar wa abokin ciniki da ribar da aka bayyana tun farko, kuma ba ya da ikon ƙara ta don an yi jinkirin biya, to yaya suke yi da wanda yake da hali amma ya ƙi biya? Duk wanda ya yi shekaru a sashen ba da jari yana da labarai a kan wannan, kuma da zarar ya fara ba da su, kai naka saurare ne. Sau da yawa na zauna da matasa irinka, kuma waɗanda na fi tunawa su ne waɗanda suka sa ni na yi tunani kafin in ba su amsa.

Takardun shaidar karatu kuwa, ka bar su a gida.

Abu Safwan:

Hajiya, na yarda da duk abin da kika faɗa in ban da maganar takardu. A ganina Ɗan Tudun Wada ya riƙe taƙaitaccen tarihin karatunsa da aikinsa, shafi ɗaya, a cikin waya ko a jaka, kada ya fito da shi sai an tambaya. Ni na taɓa zuwa irin wannan ganawa hannu rabbana, mutumin ya ce in ba shi a take domin washegari zai ga wani, na ce sai na koma gida, daga nan maganar ta bi ruwa. Haka kuma ya shirya bayanin kansa wanda bai wuce minti biyu ba, ya kuma yanke shawara tun yanzu a kan jarrabawar ƙwarewa da yake son yi, ICAN ce ta akantoci ko CIBN ta ma'aikatan banki ko CFA ta masu nazarin zuba jari mai matakai uku, domin da wuya a tashi ba a tambaye shi ba.

Malam Na Gwale:

Abokin kawunka ne, saboda haka a matsayin uba yake gare ka, ko da ya sake da kai yana raha. Ka riga shi isa wurin, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka isar da gaisuwar kawunka. Kada ka tambayi albashinsa ko sirrin abokan cinikinsu, kada kuma ka kushe wani banki, domin mutanen wannan fanni kaɗan ne kuma sun san juna. Tsakanin La'asar da Magariba lokaci ne gajere, don haka kai ne za ka fara neman izinin tafiya kafin a kira salla. Washegari ka aika masa da saƙon godiya, ka ambaci abu ɗaya da ka ƙaru da shi, sannan ka sanar da kawunka yadda ta kasance.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan riƙe shafi ɗayan a waya kamar yadda Abu Safwan ya ce. Hajiya, saura tambaya ɗaya: idan hira ta yi daɗi, ya dace in roƙe shi ya haɗa ni da wani a wurin aikinsu, ko in jira ya faɗa da bakinsa?

Hajiya Mai Lissafi:

Ka tambaye shi wane ne yake ganin ya kamata ka ƙara ji daga gare shi a kan harkar. Idan ya kama suna, ka nemi izinin cewa shi ne ya turo ka. Idan ya ce zai duba, ka bar maganar a nan, ka tuna masa bayan mako biyu.