Neman taimako: kaset ɗin muryar marigayiya kakarmu ya ƙi tafiya

Assalamu alaikum. Muna haɗa tarihin kakarmu, Allah ya jiƙanta, saboda jikokin da ba su riske ta ba. Hotuna sun kammalu, muryarta ce ta gagara. Kaset ɗaya ne tak, C60, minti 30 kowane gefe, inda take ba da labarin aurenta da renon 'ya'yanta.

An haɗa rakoda da kwamfuta ta waya mai kan 3.5mm, ana ɗauka da manhajar ɗaukar sauti ta Audacity. Ƙugin wutar lantarki ya ɓace da aka koma batir. An goge kan karatu, wato ɗan ƙarfen da ke karanto sauti daga zaren kaset, da robar da ke jan zaren da auduga da sinadarin isopropyl, wani kaset kuma yana fita tas a rakodar, don haka laifin ba nata ba ne.

Namu kuwa da ya kai tsakiya sai zaren ya fara ƙara, muryar ta riƙa ja, rakodar ta tsaya. Ɗan soson da ke danne zaren a kan karatu ya ɓalle. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne gari mai launin ruwan ƙasa da zaren ke bari a kan karatu, wato maganin da ke riƙe sautin ne ke zuba. Shi ya sa muka daina kunna shi.

Gidan kaset ɗin a liƙe yake, ba mai sukurori ba. Ta yaya ake fasa shi a mayar da zaren cikin wani gida ba tare da ya tsinke ba? In kuma soson kawai za a mayar, wane gam ne ba zai taɓa zaren ba?