Gidan su Adams na Amurka: daula ne, gidan sarauta ne, ko gidan siyasa?

Malamai masu fassara da 'yan'uwa 'yan jarida, ina so mu tsayar da magana a kan kalmar "dynasty" idan ana batun iyalin da aka daɗe ana damawa da su a mulkin ƙasar da ba ta da sarki. Wasu na rubuta daula, wasu gidan sarauta, wasu zuriya. Ni gidan siyasa na zaɓa, kuma da gidan Adams na Amurka zan auna kowacce.

John Adams, wanda ya zama shugaban Amurka na biyu a 1797, da jakadanci ya yi suna. An tura shi Faransa a 1778, ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci. Ya wuce Holan, ya samo wa ƙasarsa amincewar hukuma da rancen kuɗi a 1782. Shi da Benjamin Franklin da John Jay suka sa hannu a yarjejeniyar Paris ta 1783 da ta kawo ƙarshen yaƙin, sannan a 1785 ya tsaya gaban Sarki George na Uku a matsayin jakadan Amurka na farko a Landan.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yaron da ya shiga jirgin ruwa tare da shi a tafiyar 1778. Ɗansa ne, John Quincy, yana da shekara 10 a lokacin. Yana ɗan shekara 14 aka haɗa shi da wakilin Amurka Francis Dana zuwa Rasha, ya zama tafinta, don Faransanci ake yi a fadar can kuma yaron ya riga ya iya. Kamar ɗan maƙeri ne da ya fara da zuga, kafin a miƙa masa guduma hannunsa ya san wuta. George Washington ya naɗa shi jakada a Holan a 1794, daga baya ya riƙe Rasha, ya shiga sulhun Ghent na 1814 tsakanin Amurka da Ingila, ya riƙe Landan, ya yi sakataren harkokin waje shekara 8, ya zama shugaban ƙasa a 1825. Ɗansa Charles Francis, wanda aka tafi da shi Rasha yana ɗan shekara 2, shi Shugaba Lincoln ya tura Landan a 1861, ya yi ta fama har yaƙin basasar Amurka ya ƙare Ingila ba ta amince da 'yan awaren Kudu a matsayin ƙasa ba. Kaka da ɗa da jika, duk sun riƙe jakadancin Landan.

(Af, muƙamin nasu a takarda minista ne, Amurka ba ta fara naɗa ambasada ba sai 1893. Mu rubuta jakada, don Bahaushe ya ji minista zai ɗauka mai ma'aikata ne.)

Daula ba ta shiga nan ba sam. Daula ƙasa ce da ikonta, kamar Daular Usmaniyya. Su Adams ba su mallaki ko gunduma ba.

Gidan sarauta ya fi kusa, shi ya sa ya fi ruɗarwa. Idan muka ce gidan Mallawa ko gidan Barebari a Zazzau, muna nufin gidan da ke da haƙƙin neman gadon sarauta, ba a fita wajen gidajen nan a ɗauko sarki. Tsarin mulkin Amurka ya haramta ba da sarauta, kuma Adams biyun nan da ƙuri'a aka sauke su bayan zango ɗaya: Jefferson ya kayar da uban a 1800, Jackson ya kayar da ɗan a 1828. John Quincy ma sai ya koma ya nemi kujerar majalisar wakilai, ya zauna a kanta daga 1831 har ya rasu a 1848. Wane sarki ne zai yi haka?

Masu cewa zuriya kuma na fahimci dalilinsu, tana nuna jini ɗaya. Sai dai kowa yana da zuriya, har wanda bai taɓa leƙa rumfar zaɓe ba. Gida kuwa a bakinmu ya riga ya ɗauki sana'a: gidan malamai, gidan maƙera, gidan wanzamai. Da an ce wane ɗan gidan siyasa ne, an san a ciki ya tashi ya tarar ana yi.

Inda gidan siyasa ya gaza shi ne wajen zargi, don Bature kan faɗi kalmarsa da ƙorafi a ciki. A nan sai mu ce siyasar gado. John Adams da kansa, yana kan mulki, ya tura ɗansa jakadanci Furushiya, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, a 1797, kuma mai sukar wannan naɗin siyasar gado zai kira shi. Iyalin kuma gidan siyasa ne, jakadanci gadon gidansu.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke fassarowa daga Faransanci, me kuke cewa a gidajen rediyonku?