Ƙanena ya buge mai keke a Bronx ya gudu, ƙaramin laifi ne ko babba?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hankalina a tashe yake. Ƙanena yana aikin kai kaya da mota a Bronx, wani yanki na birnin New York a Amurka. Shekaranjiya da daddare ana ruwa, ya sha kwana ya bugi wani saurayi mai keke. Ya ce ya hango shi ta madubi zaune a bakin titi riƙe da ƙafarsa, sai tsoro ya kama shi ya ƙara wuta. Tun daga nan ko abinci ya kasa ci, motar ma ya lulluɓe ta saboda fitilar da ta fashe. Ya dage cewa yaron ne ya keta jar danja. Don Allah wanda ya sani, wane mataki wannan laifin yake? Takardar zamansa ce ta fi ba ni tsoro.

Wani tsohon direban tasi:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya kawo sauƙi. Batun wa ya keta danja ku ajiye shi gefe tukuna. Sashe na 600 na dokar ababen hawa ta jihar New York ba ya tambayar wa ke da laifin hatsarin. Muddin direba ya san an ji rauni, ko yana da dalilin sani, wajibi ne ya tsaya ya nuna lasisi da inshora, idan kuma babu ɗan sanda a wurin ya kai rahoto ofishinsu mafi kusa. Ƙanenki ya ga yaron riƙe da ƙafa, don haka ba zai ce bai sani ba.

Girman raunin ne ke yanke matakin. Ƙaramin rauni, ƙaramin laifi ne rukunin A, ɗaurinsa ba ya wuce kwana 364. Mummunan rauni, wato wanda ya jefa rai cikin haɗari, ko ya bar nakasa ko tawaya ta dogon lokaci, ya zama babban laifi (feloni) rukunin E, har shekara 4. Idan rai ya salwanta, rukunin D ne, har shekara 7. Lasisi ma ana soke shi.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Yaya, kada ku auna raunin da abin da ya gani ta madubi. Na sha ganin wanda ya shigo asibiti da ƙafarsa yana magana, kafin asuba jini ya taru masa a ka. Takardun likita ne mai gabatar da ƙara zai duba. Kuma ki tuna yaron nan ɗan wani ne, an bar shi cikin ruwan sama. Haƙƙinsa yana wuyan ƙanenki.

Wani ɗalibin shari'a:
Hajiya, yau ɗin nan ya nemi lauyan manyan laifuka, su je ofishin 'yan sanda tare. Kada ya yi bayani shi kaɗai, kada kuma ya gyara fitilar, don za a iya ɗaukarsa ɓoye hujja, wani laifin ke nan. Idan babu kuɗi akwai The Bronx Defenders da Legal Aid Society, ƙungiyoyin lauyoyi masu kare marasa hali. Ku gaya wa lauyan matsayin takardarsa tun farko. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Padilla a 2010, dole lauya ya bayyana masa yadda amsa laifi zai shafi zamansa a Amurka. Akwai kuma fom ɗin rahoton hatsari, MV-104, da ake aika wa hukumar lasisi cikin kwana 10, lauyan ya duba kafin a aika.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta masa duka, ya yi kuka sosai. Mun samu lauya, gobe da ƙarfe 9 za su je tare. Ya roƙe ni in tambayi lauyan ko akwai hanyar da za mu san halin da yaron yake ciki. Ku sa su duka biyun a addu'a.