Wai dole sai an bar tsohon Turancin Shakespeare a fim?

Maikallo: Jama'a don Allah, in za a maida wasan Shakespeare fim me yasa daraktoci ke nacewa sai sun bar Turancin nan na shekara 400 baya? Ko Turawan ma fa da kyar suke ganewa.

Uwargida: Malam ai maganar ita ce wasan, yawanci waƙa ce mai awo, kana sauya ta saura labari kawai. Baz Luhrmann a Romeo + Juliet na 1996 ya kawo motoci da bindigogi amma ya bar tsohon harshen, rage tsawonsa kawai yayi, kuma matasa suka karɓi fim ɗin sosai.

Ɗanbirni: Gaskiya ragewar ce dabara. A dandamali sai ɗan wasa ya faɗi komai da baki tunda na baya basa ganin fuskarsa, a fim kuwa kyamara na matsowa ido ya gama bayani. Laurence Olivier a Hamlet na 1948 ya cire abokan Hamlet biyu, Rosencrantz da Guildenstern, gaba ɗaya kuma yaci kyautar Oscar, shi ko Kenneth Branagh a 1996 ya kawo wasan cif, kusan awa 4, wa zai zauna haba.

Uwargida: Ni zan zauna wlh.

Bako: Kun manta Kurosawa daraktan nan ɗan Japan, 1957 ya kai wasan Macbeth na Shakespeare Japan zamanin mayaƙan samurai, ba Turanci ko ɗaya, kuma ni a ganina yafi da yawansu ban tsoro.