Gadon jaririya ya ƙi daidaituwa da namu

Assalamu alaikum. Yau kwana 12 da haihuwar maiɗakina a nan Gusau. Aiki aka yi mata, tashi cikin dare ta ɗauko yarinya yana ba ta wuya. Shi ne na sa kafinta ya haɗa mana ɗan gado mai buɗaɗɗen gefe ɗaya, muka jingina shi da namu.

To, katifarmu ta ɗara tata tudu da yatsu huɗu, kuma tsakanin gadajen akwai ramin da hannuna ke shigewa. Na cusa zani a wurin, ungozoma ta ce in cire, zai iya toshe mata numfashi. Na ɗaure ƙafafun gadajen da igiya, amma da an ɗan taɓa sai ƙaramin ya zame a kan tayil. Tazarar sandunan gadonta kam na auna, ba ta wuce santimita 6 ba.

Gidan sauronmu kuma bai rufe gadajen biyu, ga damina. Hajiya ta ce a kwantar da ita tsakaninmu kawai, ni dai hankalina bai kwanta ba.

Don Allah, wannan ramin yana gyaruwa, ko in sa kafinta ya rufe gefe na huɗu, gadon ya tsaya shi kaɗai da nasa gidan sauro?